Tsakanin Sauƙi da Warkewa: Batun Kwanciyar Asibiti ga Masu Tarin Fuka

A fahimtar Bahaushe, kwanciya a asibiti ita ce ma'aunin tsananin ciwo, sallama kuwa shaida ce ta an rabu da shi. Wannan fahimta tana da haɗari idan aka zo kan tarin fuka, domin jinyarsa ta fi zaman gadon asibiti tsawo nesa ba kusa ba.

Kafin a samu magungunan da ke kashe ƙwayar cutar, wadda Robert Koch ya bayyana a 1882, Turawa sun dogara ne ga keɓe majinyaci watanni ko shekaru a gidajen jinya na musamman. Binciken da aka soma a birnin Madras na Indiya a 1956 ya sauya wannan tunani, inda ya nuna cewa masu shan magani a gida suna warkewa kamar waɗanda aka kwantar, kuma iyalansu ba su fi na sauran kamuwa ba. Shi ya sa a yau ake kwantar da wanda jikinsa ya tsananta kawai, kamar mai aman jini ko wanda cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa.

Ainihin jinyar wata shida ce: wata biyu ana haɗa magunguna huɗu, wata huɗu kuma ana ci gaba da isoniazid da rifampicin. Cikin 'yan makonni tari yakan lafa, zazzaɓi da gumin dare su ɗauke, sha'awar abinci ta dawo. A nan ne majinyaci da yawa ke ajiye magani, su kashe maciji ba su sare kansa ba. Ƙwayoyin da suka saura na iya farfaɗowa, wani lokaci a matsayin nau'in da ba ya jin magani. A da, irin wannan nau'i yakan ci wata 18 zuwa 24 na jinya tare da allurai masu iya kurumtar da mutum, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin wata shida na ƙwayoyin sha a 2022.

Talauci da kuɗin mota zuwa cibiyar karɓar magani suna da nasu laifin, amma harshe ma yana da rabo. "Ya samu sauƙi" na iya nufin ciwo ya ragu, yana kuma iya nufin ya tafi ɗungurungum. Ma'aikacin lafiya yana nufin na farko, dangi su ji na biyu. Tunda Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi addaba, ya wajaba masana Hausa su shiga aikin tsara saƙonnin rediyo da bayanan da ake yi wa majinyaci ranar sallama, ta yadda kalmar "warkewa" ba za ta fito ba sai an cika wata shida kuma gwajin majina ya tabbatar.