Jinjina ga Masu Tsaron Kogwannin Ajanta da Elora

Yabon gwani ya zama dole, ko da gwanin yana wata uwa duniya. A jihar Maharashtra da ke yammacin Indiya akwai wasu ma'aikata da ba a cika jin sunansu ba: masana sinadarai da injiniyoyi da magina da masu gadi na Hukumar Binciken Kayan Tarihi ta Indiya, wadda aka fi sani da ASI, aka kuma kafa ta tun 1861. Su ke riƙe da amanar kogwannin Ajanta da Elora, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin kayan gado na duniya a 1983. Sun cancanci jinjina, kuma akwai sauran aiki a gabansu.

Amanar ba ƙarama ba ce. A Elora, kogo 34 aka sassaƙa a jikin tsauni guda, tsakanin wajen shekara ta 600 zuwa ta 1000: 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na Jain, suna jere kafaɗa da kafaɗa. Mafi shahara shi ne na 16, wato Kailasa, wanda ake danganta shi da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8. Ba a ɗora tubali ko guda ba. Masassaƙa sun fara daga ƙwanƙolin dutsen suna gangarowa, suka kwashe abin da aka ƙiyasta ya kai tan 200,000, har haikali ya fito da hasumiyarsa da ginshiƙansa da jerin giwaye a gindinsa. Aiki ne da ba ya karɓar kuskure, domin abin da aka sare ba ya komawa. A kogo na 10 an yi wa rufin haƙarƙari irin na katako, alhali duk dutse ne. A na 32 kuwa, siffar Bahubali na Jain ce tsaye, tsire-tsire sun naɗe masa ƙafafu saboda daɗewar da ya yi cikin tunani.

Ajanta ta girmi Elora. Kogwanninta kusan 30 ne, duk na Buddha, a wani kwazazzabo da kogin Waghora ya lanƙwasa. An fara su tun ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka yi mafi yawansu a ƙarni na 5, zamanin Sarki Harishena. Dukiyar Ajanta zanen bango ce, kuma zanen a kan yaɓe yake, irin wanda duk maginin ƙasa zai gane: laka da ƙaiƙayin shinkafa da zaren tsiro, sannan a shafe da farar ƙasa. Launukan kuma jar ƙasa ce da rawaya da baƙin fitila, sai wani shuɗin dutse mai tsada da ake kawowa daga Afganistan. Abin da ya kai shekara 1,500 yana manne da irin wannan yaɓe, lallashi yake bukata.

Tarihi ya nuna cewa masu sha'awar zanen nan sun sha cutar da shi. A 1819 wani hafsan sojan Ingila, John Smith, ya fita farauta ya ci karo da wurin bayan daji ya rufe shi, sai ya karce sunansa a kan wani zane a kogo na 10. Robert Gill ya shafe kusan shekara ashirin yana kwafar zanen, amma gobarar Crystal Palace ta 1866 a Landan ta cinye mafi yawan aikinsa. John Griffiths da ɗalibansa daga Bombay suka ɗora daga 1872, suka riƙa shafa wa bangon man ƙyalli don launi ya fito musu sosai. A farkon shekarun 1920 aka kawo ƙwararru daga Italiya, su kuma suka lulluɓe zanen da shelak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa. Da niyya mai kyau suka yi, amma da tafiya ta yi tafiya shelak ya dafe, ya kama ƙura, ya tsattsage.

Nan ne gwanintar ma'aikatan ASI ta bayyana. Sun gaji bango mai duhu, suka duƙufa suna ɗaye tsohon shelak da sinadarai, taki bayan taki, suna tsayawa a duk inda suka ga launin asali zai biyo. Sun yi magudanai a saman tsaunin don ruwan damina ya daina tsatsowa ta tsagar dutse. Sun sa raga don hana jemagu shiga, sun sa fitilu marasa zafi, sun hana ɗaukar hoto da walƙiya. Motocin baƙi a Ajanta suna tsayawa ne kimanin kilomita huɗu daga kogwannin, bas-bas na musamman su ƙarasa da mutane. Gwamnatin Japan ma ta ci yabo, domin tun 1992 rancenta ya taimaka wajen gyaran wurin da hanyoyinsa.

Akwai kuma wanda bai kamata a tsallake ba. Sarkin Haidarabad, Nizam Mir Osman Ali Khan, Musulmi ne, kuma shi ya kafa sashen kayan tarihi a masarautarsa, wadda kogwannin ke ƙarƙashinta a lokacin, a 1914 ya danƙa shi ga Ghulam Yazdani. Yazdani ya share kogwannin, ya sa aka gyara hanya, ya wallafa manyan kundaye huɗu a kan zanen Ajanta tsakanin 1930 da 1955. Nizam ya fahimci cewa adana aikin hannun magabata daban, bauta masa daban.

To, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babbar barazana a yau ita ce cunkoso. Numfashi da gumin jama'a suna ƙara laima a kogo, laima ta sassauta yaɓe, ƙwari su samu ƙaiƙayin ci. Ƙa'idar taƙaita yawan masu shiga kogo a lokaci guda ba ta da amfani sai an tsaya a kanta har a ranakun hutu, lokacin da layi ya fi tsawo. An gina cibiyar baƙi kusa da Ajanta mai ɗauke da kwafin kogo na 1 da na 2 da na 16 da na 17 don rage wa na asali nauyi, amma ta taɓa daɗewa a rufe saboda bashin wuta da ruwa. Wajibi ne hukumomin jihar su tabbata hakan bai sake faruwa ba.

Sannan kada hasken Ajanta da Elora ya sa a manta da 'yan'uwansu. Kogon Jogeshwari na ƙarni na 6 ya daɗe a matse tsakanin gidajen Mumbai, ruwan kwata na tsatsowa cikinsa. Dutsen kogwannin Pitalkhora yana marmashewa. A ƙarshen 2022 Ma'aikatar Al'adu ta shaida wa kwamitin majalisa cewa wurare 50 cikin fiye da 3,600 da ke ƙarƙashin kariyar gwamnatin tarayya ba a ma san inda suke ba. Wannan magana ce ta kasafin kuɗi da ƙarancin masu gadi, kuma majalisar ce za ta iya magance ta.

Na ƙarshe, a faɗi tarihin wurin a cike. Allunan bayani da bakin 'yan rakiya su ambaci sufayen Buddha da sarakunan Hindu da mabiya Jain, su ambaci Nizam da Yazdani, ba tare da an zaɓi wanda siyasar yau take so ba. Mutanenmu da ke zuwa Indiya karatu ko neman magani, idan hanya ta kai su can, su bi dokar masu gadi: kada a taɓa bango, kada a kunna walƙiya, a fita idan lokaci ya cika. Ma'aikatan ASI sun sauke babban rabo na nauyin da ke kansu. Saura gwamnati ta ba su kuɗi da ƙarin ma'aikata, baƙi kuma su yi haƙurin jiran layi.