Ku Daina Sayar Mana da Ciwon Ido da Sunan "HD"

Da ƙanwata ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, sai muka yi karo-karo a gida muka haɗa mata kuɗin laftof don aikin kammala karatu. Ta je wani shago, mai shagon ya zuba mata zance: "Hajiya, wannan Core i7 ce, ram ɗinta takwas, fuskarta HD." Ta biya ta taho da murna. Ba a yi sati uku ba ta fara kukan kanta na sarawa, idanunta sun yi ja. Da na buɗe kwamfutar na duba, sai na tarar da 1366 x 768 a fuska mai inci 15.6. Raina ya ɓaci, kuma har yau bai huce ba.

Duk abin da ake gani a fuskar kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Waccan lamba tana nufin ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, jimilla miliyan ɗaya da ɗoriya. Idan aka baza su a inci 15.6, kowane inci yana samun ɗigo kusan 100 kacal. Fuska mai 1920 x 1080, wadda ake kira Full HD, tana da ɗigo sama da miliyan biyu, wato kusan 141 a kowane inci a girma iri ɗaya. Kalma ɗaya ce ta raba sunayen biyu, kuma a bayan kalmar nan mai shago yake fakewa. Bai yi maka ƙarya ba da ya ce HD, amma ya san sarai ba za ka tambayi ko wace HD ba. A wurina wannan ha'inci ne, ko da an yi shi da murmushi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wayar da ke hannun yarinyar, mai araha, ta ninka laftof ɗin kaifin rubutu fiye da sau biyu. Tun 2010 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 4 mai ɗigo 326 a inci, a 2012 kuma ya kai irin wannan fuska kan MacBook Pro. Duniya ta yi gaba, mu kuma ana ta sauke mana kwantenonin tsofaffin injunan da ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, ana goge su da tsumma, ana yi mana kirarin Core i7 ba tare da an faɗi shekararta ba.

Mu masu karanta Hausa abin ya fi shafarmu. Bambancin ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, baƙi da baki, duk yana rataye ne a wata 'yar ƙugiya a saman harafi. A fuska mai ƙarancin ɗigo, idan rubutu ya ƙanƙance, ƙugiyar nan ɗigo biyu ko uku take samu, sai ta dushe. Mai gyaran rubutu ya yi ta kai hancinsa jikin gilashi yana neman ɗ da ɓ. Masu karanta Larabci da Ajami kuwa sun fi shan wuya: wasulla da ɗigogin da suka raba ba da ta da nun sai su cakuɗe. Ɗalibin da zai kwana a kan littafin fiƙihu da aka ɗauko hotonsa, me ya yi da za a hukunta shi haka?

Sai kuma wasu masu gyara, waɗanda ke ƙara wa Borno dawaki. Dattijo ya kawo laftof mai kyau, Full HD, ya ce rubutun ya yi masa ƙanana. Maimakon a ƙara girman rubutu, sai yaron shago ya rage yawan ɗigon fuskar ya mayar da ita ƙasa da yadda aka ƙera ta. Haruffa su yi girma, amma su yi dishi-dishi kamar an shafa musu man gyaɗa, a karɓi kuɗin aiki a ce an gyara. Alhali Windows na da wurin da ake ƙara girman komai zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, fuska na nan a kan lambarta ta asali, rubutu ya fito manya kuma tas. Aikin minti ɗaya ne. Wanda bai san wannan ba bai kamata ya kafa teburin gyara ba.

Kada kuma wani ya ɗauka ina cewa a ruga a sayi 4K. Ɗigo 3840 x 2160 a ƙaramar fuska ya wuce buƙatar mai karatu, kuma yana shan batir, a ƙasar da wuta ke zuwa kamar baƙuwa. Mai karatu da rubutu, 1920 x 1080 a inci 14 ko 15.6 ta ishe shi. In ya samu 1920 x 1200 ya fi, don tsayinta na ba shi ƙarin layuka kafin ya ja shafi. Ya kuma karkata fuskar gaba da baya: idan launi ya juye, fari ya koma toka-toka, irin gilashin TN ne mai arha, na IPS ba ya yin haka sosai.

Mu ma masu saye da laifinmu. Muna ciniki a kan jaka da linzami da sitika, amma ba ma neman a kunna injin a nuna mana lambar fuska. Na koma shagon da laftof ɗin ƙanwata, na ce a canza. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, ai ba wanda ke tambayar wannan." Na ce to yau an tambaya. Sai da na cika kuɗi kafin ya ba da mai Full HD, wadda tun ranar farko tana nan ajiye a kantarsa, a bayan wadda ya miƙa mata.