Jakada ko ladan jam'iyya?

A Najeriya jakadu iri biyu ne: akwai waɗanda suka girma a Ma'aikatar Harkokin Waje, akwai waɗanda jam'iyya ta yi wa sakayya. Na biyun sau da yawa lauya ne da ya tsaya wa 'yan takara a kotun zaɓe, ko wani jigo da aka rasa inda za a ajiye shi. Sashe na 171 na kundin tsarin mulki ya ce sai Majalisar Dattawa ta amince da naɗin jakada, amma tantancewar takan ƙare da rusunawa a wuce. Ban ce duk ɗan siyasa bai cancanta ba. Kudancin Kaduna ta ga Nuhu Bajoga, ɗan ƙasar Jaba, ya yi jakada a Folan, ya shugabanci PDP a jiha, ya zama mataimakin gwamna bayan rasuwar Gwamna Patrick Yakowa a Disamba 2012. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba a tambayar kowane jakada me ya kawo gida. Manomin citta a Kwoi ko Kafanchan, wanda annobar cutar citta ta 2023 ta ruɓar masa da gona, mai saye yake nema a Turai da ingantaccen iri, kuma samo su aikin ofishin jakadanci ne.