Kurumtar da ba ta shiga folda ba

Kawuna tela ne a wani zango na Kumasi, kuma yau shekaru ke nan rabonsa da jin kiran sallah, duk da masallacin na bayan ɗakinsa. Sai jikarsa ta taɓa masa kafaɗa. Kunnen ya tafi ne lokacin da ake masa allurar tarin tibi mai gardama, wata da watanni, kullum. Ya warke daga tarin, alhamdulillahi. Amma da na raka shi asibiti kwanakin baya na leƙa foldarsa, abin da aka rubuta game da kunnen kalma ɗaya ce: kurumta. Ba sunan allura, ba ranar da abin ya fara, ba komai.

Wannan kalma ɗaya ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ba matsalar Kawu kaɗai ba ce.

Kowace cuta tana da lambarta a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake kira ICD. Da waɗannan lambobi asibitoci ke cika takardun neman kuɗi daga inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, da su kuma ake ƙidaya cututtukan da ke damun jama'a. A bugu na 10, kurumtar da magani ko guba ya jawo lambarta H91.0. Akwai kuma lamba ta biyu da ake haɗawa da ita don nuna mai laifin, misali Y40.5 na nufin dangin gentamicin da streptomycin da kanamycin da amikacin, in an ba da su bisa ƙa'ida amma suka yi illa. Sabon bugu na 11, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, shi ma ya ware wa wannan kurumta lamba tata, AB53.

To ina gizo ke saƙar? Ma'aikacin da ke sa lamba ba shi da ikon ƙirƙirar abin da likita bai rubuta ba. In dokta ya rubuta "kurumta" ya yi shiru, lambar da za ta fito ita ce H91.9, wato rashin ji wanda ba a fayyace dalilinsa ba. Shi ke nan an jefa Kawu kwando ɗaya da tsohon da shekaru suka cinye wa kunne da yaron da sanƙarau ya kurmantar. Ita kuwa lamba ta biyu, kundin ma cewa ya yi a ƙara ta in ana so. Mutumin da layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa yana jiransa, yaushe zai so?

Kada a fahimce ni a baibai. Gentamicin na ceton jarirai daga cutar da ta shiga jini, ga araha, kuma ba zan ce wa kowa ya ƙi ta ba. Illa dai tana iya kashe ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne, waɗanda in sun mutu ba sa sake tsirowa. Abin yakan fara da ƙara a kunne, ko jiri, sannan siraran sautuka su ɓace tun mutum bai ankara ba. Haɗarin na ƙaruwa in ƙoda ba ta da ƙarfi, ko an daɗe ana allurar, ko an haɗa ta da furosemide, maganin rage kumburi. Cisplatin na masu kansa ma haka yake. Kwinin kuwa, wanda iyayenmu suka sani da sa kunne kuka, nasa yakan wuce in an daina sha.

Akwai wani abu da ya fi tsaya mini a rai. Wasu mutane na ɗauke da wani gado a jiki, wanda ake samu ta wajen uwa kawai, da ke sa ko allura kaɗan ta irin wannan dangi ta kurmantar da su. Ke nan layi ɗaya a foldar uwa na iya tsare kunnen 'ya'yanta. In ba a rubuta ba, sai a sake maimaitawa a gida ɗaya, mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

Rubutu kuma yana canja doka. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cire kanamycin da capreomycin daga maganin tibi mai gardama, yanzu an karkata ga na haɗiya. Ba a kai nan ba sai da aka tara bayanan marasa lafiya daga ƙasashe da dama, har da na kunnuwan da aka auna. A nan Gana hukumar FDA na da fom na kai rahoton illar magani, da manhajar waya mai suna Med Safety, wadda ko marar lafiya da kansa zai iya amfani da ita. Na tambayi mutane a majalisarmu, ba wanda ya taɓa jin sunanta.

Mu ma 'yan zango muna da namu kason. Wanda ya je kemis aka yi masa allura a bayan kanta, wace folda za ta san da shi? Haka samarinmu masu fentin mota a Suame Magazine, suna shaƙar tina ga ƙarar guduma, su biyun kuma in sun haɗu sun fi yi wa kunne ɓarna. Dokta ba zai rubuta sana'ar da bai tambaya ba, mu kuma ba ma faɗa.

Asibitin Komfo Anokye a Kumasi da na Korle Bu a Accra duk suna da sashen auna ji. Abin da ya kamata shi ne a auna kunne kafin a fara doguwar allura, a riƙa aunawa ana cikin yi, in an ga sauyi a rubuta sunan maganin da yawansa da ranar, a folda da kuma katin da mutum zai riƙe a hannunsa.

Ranar da muka koma, na roƙi likitan ya ƙara wannan bayani a foldar Kawu. Ya tambaye ni sunan allurar. Na rubuta wa Kawu tambayar a takarda, ya karanta, ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni dai na san tana da zafi."