Kafin Ka Sayi Kambas, Dubi Dunduniya

Tun 2016 da aka soma gudun yada-ƙanin-wani mai kilomita 42 a birnin Ikko, samarinmu na Agege da Idi-Araba suka shiga sha'awar gudu. Madalla. Abin takaicin shi ne yadda suke sayen takalmi. Yaro ya je kasuwar gwanjo, ya ga sunan kamfani, ya biya, bai ko dubi yadda dunduniyar takalmin ta ɗara wajen yatsu tudu ba.

Jama'a, a nan maganar take. Takalman gudu da aka saba da su, dunduniyarsu takan ɗara gaba da milimita 10 zuwa 12. Akwai kuma shafaffu, daga 0 zuwa 4, wasunsu ma kamar safa. Mai tudu yana rage wa agara da sha-raɓa wahala, amma yakan ƙara wa gwiwa nauyi. Shafaffe yana sauƙaƙa wa gwiwa, sai dai agara ce ke biyan bashin.

Wani zai ce ai mu da fade da silifa muka tashi, wasunmu ba takalmi suka yi kiwo, don haka shafaffen ne namu. Har ya kawo Abebe Bikila na Habasha, wanda ya cinye gasar Olamfik a Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi. Gaskiya ne. To amma shi Bikilan da takalmi ya sāke cinyewa a Tokyo a 1964. Kuma kwaltar Ikorodu ba rairayin burtali ba ce, balle ga wanda ya shekara goma a zaune a shago. Kamfanin Vibram da ya yi ta tallar cewa takalminsa mai yatsu biyar yana ƙarfafa ƙafa, a 2014 sai da ya yarda ya biya dala miliyan 3.75 a Amurka don a kashe ƙarar da masu saye suka kai shi.

Ra'ayina, mai ciwon agara ya tsaya ga mai tudu. Mai fama da gwiwa yana iya sauka, amma sannu sannu, daga 10 zuwa 8 zuwa 6, cikin watanni, yana farawa da gajeren gudu. Na gwanjo kuwa, a ajiye shi kan tebur tukuna. In ya karkata gefe guda, tafiyar wani ta riga ta cinye shi, a mayar wa mai shi ko da ya rage kuɗi.