Bagudo: Inda tashar maƙwabta ta fi ta gida kusa

Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi wa mutumin Bagudo wani tanadi mai ɗaure kai. A jadawali na huɗu, ya sa karɓar kuɗin lasisin akwatin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Wato a rubuce, ƙaramar hukuma tana da hurumin bin mai shago ko manomi ta karɓi haraji a kan akwatin da yake saurare.

Amma sashe na 39 na wannan kundin ya ce babu mai ikon mallaka ko buɗe gidan rediyo sai Gwamnatin Tarayya, ko ta jiha, ko wanda shugaban ƙasa ya sahale masa. Idan masunta a Lolo, ko manoman shinkafa a Illo, ko makiyaya a Kaoje suka haɗa kai suna son 'yar ƙaramar tasha wadda muryarta ba za ta wuce ƙauyukansu ba, takardarsu sai ta shiga layi ɗaya da ta attajirin da ke son buɗe gidan talabijin a Legas.

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kwance ne a gaɓoɓin Kogin Kwara, daf da inda ya shigo Najeriya, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. A kasuwanninta ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, a wajen Illo kuma akwai masu Busanci da Kyangawa. Tsakanin garin Bagudo da Birnin Kebbi akwai fiye da kilomita 100, garuruwan bakin iyaka irin su Tsamiya kuwa sun fi haka nisa.

Wannan nisan shi ne tushen maganar. Tashoshin Kebbi sun fi taruwa ne a babban birnin jiha: gidan rediyon jiha, da Equity FM ta Rediyon Najeriya, da NTA, da masu zaman kansu. Zangon FM kuwa ba kamar gajeren zango yake ba. Iyakar tafiyarsa ta dogara ne ga tsawon ƙarfen da aka kafa da ƙarfin na'urar da ke tura sautin, kuma ƙarfin na'ura sai da wuta ko man dizal. Duk tashar da kuɗin mai ya yi wa yawa, abu na farko da take yi shi ne rage sa'o'i ko rage ƙarfi, kuma wanda ke can ƙarshen zango shi ne farkon wanda sauti ke ɗauke wa.

Da zarar an tsallaka iyaka daga Tsamiya, garin da za a tarar shi ne Segbana, a jihar Alibori ta Benin. Garin bai kai wasu hedikwatocin ƙananan hukumomin Kebbi girma ba, amma yana da gidan rediyon al'umma, Bio Guerra FM, mai magana da harsunan yankin. Tun 1997 Benin ta yi dokar da ta buɗe fagen yaɗa labarai ga masu zaman kansu da ƙungiyoyin jama'a, ƙarƙashin hukumarta mai suna HAAC. A Nijar ma, tun da aka kafa ta Bankilare a 1999, tashoshin al'umma sun haura ɗari.

Ba wai maƙwabtan nan tsarkaka ba ne. HAAC ɗin ce ta dakatar da kafar La Gazette du Golfe a watan Agustan 2023 saboda yadda ta ba da labarin juyin mulkin Nijar. Amma ko da wannan tabon, sun gane abu guda da Najeriya ta daɗe tana jan ƙafa a kansa: mutumin ƙauye yana da abin faɗa, ba sauraro kaɗai ne nasa ba.

A Najeriya, an kafa Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, a 1992. Sai a watan Oktoban 2010 gwamnatin Goodluck Jonathan ta sanar da cewa ta sakar wa hukumar ikon ba da lasisin rediyon al'umma. Aka yi ta jira har 2015, lokacin da aka amince da guda 17. Goma sha bakwai, a ƙasa mai ƙananan hukumomi 774. Ko a 2021 da aka fitar da sabbin lasisi 159 ga kamfanoni da al'ummomi da makarantu, sanarwar cewa ta yi Shugaba Muhammadu Buhari ne ya amince. Ikon da aka ce an saki, ashe igiyarsa tana nan ɗaure a fadar shugaban ƙasa.

Abin da talaka ya fi sanin NBC da shi kuwa shi ne tara. A watan Agustan 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A farkon 2022 aka dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM. A watan Agustan shekarar aka ci Trust TV tarar miliyan 5 kan wani shiri da ta yi game da 'yan bindiga. Sai da Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci a watan Mayun 2023 cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara.

A wancan Agustan na 2022 ne kuma NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin da ya haura naira biliyan 2.6. Daga baya an janye matakin, amma jerin sunayen ya tona asiri. A ciki har da gidajen rediyo da talabijin na gwamnatocin jihohi, na Kebbi ma yana ciki. Gwamnatin da ba ta biya kuɗin lasisin tasharta ba, da wuya a ce tana lissafin ko ana jin tashar a Tsamiya. Gwamnan jihar a lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, shi Shugaba Bola Tinubu ya naɗa Ministan Kasafin Kuɗi da Tsare-tsare a 2023, don haka ba za a ce a Abuja babu wanda ya san hanyar Illo ba.

Kuma kada a ce babu kuɗi. Shirin mayar da talabijin kan tsarin dijital, wanda wa'adinsa na duniya ya cika tun watan Yunin 2015, ya ci maƙudan kuɗi. An sayar wa MTN wani zango a kan naira biliyan 34 domin shirin, a 2024 kuma aka amince da ƙarin biliyan 10. An yi bikin ƙaddamarwa a Jos da Abuja da Kaduna da Ilorin da Enugu da Osogbo da Legas da Kano. Duk birane ne. Talabijin na son wuta da akwati da eriya. Rediyo kuwa batir biyu sun ishe shi, ko 'yar ƙaramar waya da abin sawa a kunne, kuma masunci yana iya tafiya da shi cikin kwalekwale.

Shekara da shekaru, kafafen waje ne suka rufa wa gwamnati asiri a irin waɗannan wurare. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, ga na Jamus da na Faransa da na Amurka. Sai ga shi a watan Maris na 2025 Muryar Amurka ta yi tsit bayan umarnin Shugaba Donald Trump. A Nijar, sojoji sun dakatar da RFI a watan Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Tabarmar aro ce, mai ita yana iya naɗe abarsa ko yaushe. Ko ma suna nan, ba aikin London ko Bonn ba ne su faɗi nawa buhun shinkafa ya kai a kasuwar Lolo, ko ruwa ya fara hawa gaɓa, ko ranar da masu allurar shanu za su iso Kaoje.

Inda babu tashar da za ta faɗi waɗannan, saƙon murya na WhatsApp ne ke faɗa, kuma shi babu mai tace shi. A yankin da ke zaman lafiya, ɓarnar jita-jita ba ta wuce asarar ciniki. Wannan yankin kuwa ba haka yake ba. A watan Nuwamban 2024 Hedikwatar Tsaro ta tabbatar da ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a watan ne kuma aka kai harin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie. A Janairun 2025 kotu ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. A ɗaya ɓangaren iyakar, gwamnatin Benin ta amsa cewa an kashe mata sojoji 54 a arewacin ƙasar a watan Afrilun 2025. Masu ɗauke da makamai ba sa neman lasisi kafin su tara mutane su yi musu magana da harshen da suke ji. Gwamnati kuma tana fitar da sanarwa da Turanci daga Abuja.

Haka batun iyakar kanta. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019. A Nuwamban shekarar aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe Kamba a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta rufe, harkar sufuri a yankin ta sauya gaba ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin matakan nan ya taɓa tukunyar mutumin Bagudo, kuma sau da yawa a shingen kwastam yake fara jin cewa doka ta canja, daga bakin wanda zai kama masa kaya.

Sai batun al'adu, inda gwamnati ta fi son a gan ta. Kebbi tana da abin tinƙaho: bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, aka kuma dawo da shi a Maris na 2020 bayan kusan shekara goma ba a yi ba. Ga Rigata a Yawuri, ga Uhola a Zuru. Babu mai cewa a daina. Amma biki na 'yan kwanaki ne, baƙi su watse, a naɗe rumfuna. Al'adar da ke mutuwa a Bagudo ba ta da ranar biki. Akasarin Kyangawa a yau Hausa ko Dandanci suke yi, masu jin Kyanganci sun ragu zuwa 'yan ƙauyuka. Shanganci, a maƙwabciyar ƙaramar hukumar Shanga, yana kan wannan hanyar.

Gaskiya ce mai ɗaci ga mai karatu Bahaushe: a wannan yankin ba Turanci ne ke haɗiye ƙananan harsuna ba, Hausa ce. Ba laifinta ba ne, harshen kasuwa ne da masallaci da makaranta. Amma yaron da bai taɓa jin harshen kakarsa ya fito daga akwatin rediyo ba, zai ɗauka harshen bai isa a yi magana da shi a gaban mutane ba. Rabin sa'a a kullum na labaran gari da tatsuniya da gaishe-gaishe cikin Busanci ko Kyanganci, a kuma adana sautin, aiki ne da ya fi ƙarfin kowace tawagar masu rawa da za a kai Abuja. Ma'aikatar Fasaha da Al'adu da aka ƙirƙira a 2023 aka ba Hannatu Musawa ta fi yawan magana a kan fim da waƙa da kuɗin da za su kawo. Harshen da masu jin sa ba su kai cika filin ƙwallo ba ba ya kawo kuɗi, shi ya sa kasuwa ba za ta cece shi ba, sai dai kasafin gwamnati.

Masu adawa da rediyon al'umma kan kawo misalin Ruwanda a 1994, su ce tasha a bakin iyaka tana iya zama wuƙa. Tsoron ba na banza ba ne. Sai dai tashar da ta hura wutar kisan Ruwanda a Kigali take, kuma na kusa da masu mulki ne suka kafa ta. A nan gida ma, waɗanda suka fi taɓa rediyo da hannun ƙarfe masu mulki ne: gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Oktoban 2022 saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, Gwamna Umaru Bago na Neja kuma ya ba da umarnin rufe Badeggi FM a Agustan 2025.

Don haka tashar da Bagudo ke buƙata ba ta shugaban ƙaramar hukuma ba ce, ba kuma ta ɗan majalisar da zai liƙa hotonsa a ƙofa ba. Dokar NBC ta riga ta hana jam'iyyu da ƙungiyoyin addini lasisi. Abin da ya rage shi ne ƙungiyar jama'a mai kwamitin da masunci da makiyayi da mace mai turara shinkafa da malamin makaranta da wakilin hakimi za su zauna a ciki. Sola za ta rage jidalin dizal. Cigiyar shanu da sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da tallan 'yan kasuwa za su kawo ɗan abin batir. Ba za su isa biyan ma'aikata ba, kuma tashoshin al'umma da dama a Nijar sun durƙushe bayan masu tallafi sun tafi. A nan ne hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi zai yi rana: ƙaramar hukuma ta sayi lokaci don sanarwar rigakafi da ambaliya da takin zamani, a kan farashin da kowa ya sani, ba tare da ta sayi bakin mai gabatarwa ba.

Aikin Majalisar Tarayya shi ne ta gyara sashe na 39, ta cire ƙananan tashoshi daga jiran sa hannun shugaban ƙasa. Na NBC kuma ta sa wa kanta wa'adin amsa takarda, ta yafe kuɗin lasisi ga ƙananan hukumomin bakin iyaka, ta kuma zauna da HAAC a daidaita zango, tunda sautin Tsamiya dole ya shiga Segbana kamar yadda na Segbana ke shigowa.

Kafin Abuja ta motsa, Bagudo tana da kujeru biyu a Majalisar Dokokin Kebbi, Bagudo ta Gabas da Bagudo ta Yamma. Ranar da Kwamishinan Yaɗa Labarai ya zo kare kasafin ma'aikatarsa, masu waɗannan kujeru suna iya tambayarsa a gaban kowa: gidan rediyon jiha kilomita nawa yake kaiwa da rana, sa'a nawa yake yi a kunne, kuma minti nawa ne a mako aka ware wa Dandanci da Busanci.