Kwamitin Shawara Ko 'Yan Amshin Shata?

Jama'ar Kahu, yau sai na faɗa, ko da za a ce ina yi wa jam'iyya zagon ƙasa.

Shekara biyu na yi a kwamitin SBMC na wata firamare a yankinmu. Sau ɗaya tak aka kira mu zama, shi ma don mu sa hannu a takardar da ba a bari mun karanta ba. Iskar damina ta yaye kwanon aji, har yau yara a gindin bishiya suke karatu. Da na tambayi kuɗin gyara, sai aka ce min, "Haba Malam, kai ba namu ba ne?"

To naku ne ni, shi ya sa nake magana. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. In kuɗin ya sauka Kibiya, wa zai sa masa ido? Kwamitin makaranta da kwamitin mazaɓa mai kula da asibitin sha-ka-tafi su ne idon talaka. Amma in kansila ne zai shige ɗaki ya rubuto sunayen yaransa, wa zai tuhumi wa? An ba kura ajiyar nama ke nan.

Buƙatarmu ba ta da yawa. A zaɓi 'yan kwamiti a bainar jama'a, a ƙofar gidan dagaci, har da mata a ciki. A manna kuɗin kowane aiki a bango kowa ya gani.

Wanda ya ƙi, mu haɗu a akwatin zaɓe.